Ɗigon Lalle a Hannun Kawu Datti

Abakpa, Kaduna
12 ga Maris, 1956

Zuwa ga taubashina Isma'ila, mai karatun likita a Ibadan.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Inna tana gaishe ka, maigidana Shehu ma yana gaishe ka. Da hannuna na rubuta wannan takarda, kada ka ce Shehu ne. Zuwana ajin Yaƙi da Jahilci bai tashi a banza ba, ko da yake kai ka ce alli kawai zan ƙarar musu.

Bayan haka, ba lafiya ƙalau ba. Kawunka Datti, wato Babana, ya ji ciwo. Farkon watan jiya Mamman maƙwabcinmu yana rufe ɗakinsa da kwano, Baba ya ajiye ɗinkinsa a zaure ya tashi taya shi. Ka san shi, ba ya iya ganin aiki ya zauna. Falle ɗaya ya zame ya yanke shi a hannun dama, sama kaɗan da wuyan hannu. Aka kai shi asibiti, likita ya ce jijiya ta tsinke, ya ɗinke ta. Da Baba ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne da wane irin zare aka yi aikin.

Ciwon ya warke sarai, sai tabo. Amma babban yatsa da manuni da na tsakiya kamar ba a jikinsa suke ba. Suna lanƙwasuwa, amma ba ya jin komai da su. In ya ɗauki allura sai ta sulluɓe ta faɗi bai sani ba. Inna tana yi masa gashi da ruwan zafi safe da yamma, shekaranjiya har manunin ya yi bororo, shi kuwa yana ta hirarsa. Bala wanzami ya ce mataccen jini ne, a bar shi ya tsaga tabon ya sa ƙaho.

Mutumin da ya shekara arba'in yana ɗinkin aska takwas a wuyan riga, yanzu yana zaune a zaure yana kallon masu wucewa. Ya ce in Babbar Sallah ta zo yatsun ba su farka ba, zai naɗe allurorinsa ya ba wani, ya koma Zariya wurin ƙanensa ya zauna. Ni kuwa na san Baba. Ranar da ya bar allura, ranar ya fara tsufa, kuma ba zai daɗe ba. Tsoro nake ji, Isma'ila.

Shekara uku kana can kana cin littafi. Ka faɗa mini gaskiya, yatsun nan sun mutu ne?

Taubashiyarka,
Safara'u

*

Ibadan
25 ga Maris, 1956

Zuwa ga Safara'u.

Ina amsa gaisuwa, ina kuma lafiya lau. Ki durƙusa ki gaishe mini da Kawu, ki yi masa sannu, ki gai da Inna da Malam Shehu. Takardarki sau biyu na karanta ta, na farko don labari, na biyu don in tabbatar ke kika rubuta. Na tabbata, don akawun gwamnati irin mijinki ba zai yi layi yana gangarowa kamar zai faɗa rijiya ba.

Abu na farko, a daina gashin nan yau yau. Hannun da ba ya jin zafi ba ya iya tsare kansa. Bala kuma a gaishe shi, a bar shi ga aski.

Yatsun ba su mutu ba. Ki karanta wa Kawu wannan a hankali. Mu komai jijiya muke ce masa, amma iri uku ce: akwai ta jini, akwai mai jan gaɓa, akwai mai kai saƙo. Ta ukun ce ta tsinke. Na taɓa ganin yankinta a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu. Ashe ba igiya ɗaya ba ce, dami ne na zarurruka dubbai, kowanne ya fi zaren tsamiyar Kawu siranta nesa ba kusa ba. Kowane zare yana da uwa, wata 'yar ƙwaya mai rai wadda ido ba ya gani. Uwayen da ke kula da yatsun Kawu suna zaune can gindin wuyansa, gefen lakar da ke cikin ƙashin baya. Kowace ta miƙo zarenta ya bi kafaɗa, ya bi damtse, har kan yatsa, ta kuma tura wani reshe cikin laka, inda ake miƙa labari zuwa ƙwaƙwalwa. In allura ta taɓa yatsa, labarin ya bi zaren, kafin ƙiftawar ido ya isa.

Kwanon Mamman zaren ya yanke, bai taɓa uwar ba. Guntun da ya rabu da uwarsa ya lalace, amma ita tana raye, tana kuma turo sabo daga inda aka yanke.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa. Akwai waɗansu ƙwayoyi daban, su ba sa kai saƙo, aikinsu hidima. Kowace ta kama ɗan yanki na zare ta naɗe shi da wani farin kitse, naɗi bisa naɗi kamar rawani. Tsakanin mai naɗi da mai naɗi akwai ɗan giɓi, saƙo kuwa tsalle yake yi daga giɓi zuwa giɓi, shi ya sa yake sauri. To in zare ya lalace, masu hidimar nan ba sa watsewa. Su taya a share tarkace, su jeru su yi hanya, sabon zaren ya biyo ta tsakaninsu har gida. Ɗinkin da likita ya yi, bakin hanya ya haɗa da bakin hanya.

Sai dai tafiyar a hankali ce, kamar inci ɗaya a wata, wato faɗin babban yatsa. Daga tabon zuwa kan manuni zai yi inci tara. Babbar Sallah ta yi kusa da yawa. Ki roƙar mini shi ya ba hannun nan har ƙarshen shekara. Ba zan ce zai koma kamar da ba, Kawu ba yaro ba ne, amma ina da kyakkyawan zato.

Don kada ya ce labarin 'yan boko ne, ga yadda za ku gani da idonku. Ki fara daga kan manuni, ki riƙa ƙwanƙwasawa a hankali da yatsanki kina hawa sama. Inda ya ji tsir, irin na bugun gwiwar hannu, nan kan sabon zaren ya iso. Ki ɗiga tawada a wurin. Bayan wata ɗaya ki sake. Kullum kuma a murza yatsun da man kaɗe, a lanƙwasa su, kada su sandare kafin baƙon ya iso.

Naki,
Isma'ila

*

Abakpa, Kaduna
20 ga Mayu, 1956

Zuwa ga Isma'ila.

Barka da Sallah, da fatan ka sha ruwa lafiya. Mu duka lafiya, har mai hannun.

Na karanta wa Baba takardarka. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Maimaita mini wurin masu naɗin nan." Na maimaita. Ya juya hannunsa yana kallo, ya ce, "Ashe ni ma ɗinki ne." Ni dai na ce masu hidimar nan mata ne. Su share, su naɗe, su zauna jira, a ƙarshe a yaba wa mai kai saƙo.

Amma kai da duk karatunka, ba ka tuna mutum yana alwala sau biyar a rana ba? Tawadar da na ɗiga da hantsi, kafin la'asar ta bi ruwa. Kwana uku muna haka. Sai na kwaɓa lalle na ɗiga masa da tsinke. Ka ga faɗa. Ya ce shi da furfurarsa za a mai da shi abin dariya. Aka kuwa yi dariyar, don ran Jumma'a a masallaci ya naɗe hannun riga, dattawa suka hango, tun daga nan sunansa ya koma Ango.

Yanzu ɗigo biyu ne a jere, na biyun daidai kan wuyan hannu. In sun fara dusashewa in sabunta su. Shehu ya kawo rula ya auna daga tabon, inci biyu har da 'yan kai. Baba bai yarda da rula ba, shi da zare yake aunawa ya ƙulla, amma zaren ma abin da ya faɗa ke nan. Mutumin da yake ɓoye hannu a cikin riga, yanzu shi ke tara mutane a zaure yana yi musu bayani. Labarinka ya ƙara girma a bakinsa, uwayen nan har hira suke yi da juna.

Ya yarda zai jira har a girbe dawa. Ranar da ya faɗi haka na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai. Ka rubuto, yana tambayar abin da zai biyo baya.

Safara'u

*

Abakpa, Kaduna
14 ga Agusta, 1956

Isma'ila,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Wata uku ba takarda, kullum Shehu ya dawo daga gidan waya hannu rabbana. In fushi ka yi don na ce ka manta alwala, ka yi haƙuri, wasa ne.

Abu ya ɓaci. Ɗigon ya kai tsakiyar tafin hannu, muna murna, sai hannun ya fara zafi. Baba ya ce kamar an zuba masa tururuwa a ƙarƙashin fata. Ruwan sanyi ya taɓa shi ya ce wuta ce. Ko bakin riga ya goge wurin sai ya zabura. Mako biyu yana ɓoye mana, sai da Inna ta ga yana karɓar ƙwarya da hagu yana cije leɓe. Ya hana ni ƙwanƙwasawa, ya hana ni sabunta lalle. Ya ce da can hannu ne mara amfani amma mai zaman lafiya, yanzu ga rashin amfani ga azaba.

Bala ya sake zuwa. Ya ce ai ya faɗa tun farko, mataccen jinin ne ya ruɓe yake neman hanya. Baba ya ba shi rana, Jumma'a ta sama, 24 ga wata, bayan an sauko. Zai tsaga tabon ya sa ƙaho. Allurorin kuma na ga ya naɗe su a ƙyalle ya ɗaure.

Na yi magana, ya ce ni 'ya ce ba likita ba, likitan namu na Ibadan kuwa ya yi shiru don ya san abin ya fi ƙarfinsa. Ko gaskiya ce, Isma'ila? In mun yi kuskure ne ka faɗa, ba zan riƙe ka ba. Amma ka yi magana.

Safara'u

*

WAYAR TANGARAHO
Ibadan, 23 ga Agusta, 1956

KADA WANZAMI YA KUSANCI HANNUN KAWU. WANNAN ZAFI ALBISHIR NE. TAKARDA NA TAFE. ISMAILA.

*

Ibadan
23 ga Agusta, 1956

Zuwa ga Safara'u.

Lafiyata ƙalau, sai kunya. Yau da safe takardarki ta zo hannuna, don an tura mu wani ƙauye aikin makonni, jiya muka dawo. Ko karyawa ban yi ba na ruga na buga waya. Allah ya sa ta riga aska.

Ban yi fushi ba, ban kuma yi shiru ba. Tun watan Yuni na rubuto, a ciki har na gargaɗe ku cewa wannan zafi yana tafe. Sai na yi wauta. Na je Sabo, unguwar Hausawa, cin tuwo, na gamu da Alhaji Sanda mai goro zai yi Arewa, ya ce in kawo, shi ya fi gidan waya sauri, hannu da hannu zai ba Kawu. Na ba shi. Da na ji ku shiru sai na ɗauka komai daidai ne. Laifina ne, ki ba Kawu haƙuri.

Ki faɗa masa haka. Sabon zare tsirara yake isowa, masu naɗin a baya suke biyo shi suna aikinsu. Kafin su gama, kafin kuma kowane zare ya sami mazauninsa a fata, komai ya taɓa shi sai ya kai labari da ihu, ya kuma kai shi a hargitse. Shi ya sa sanyi yake zama wuta. Ki tambaye shi, a watan Maris da ruwan zafi ya ƙona shi, ya ji? Yanzu bakin riga ma yana ji. Wurin da ya yi wata shida ba labari, yau labari ya yi masa yawa. Da na karanta tururuwar nan taki, dariya na yi a tsakiyar hanya, mutane suna kallona.

In Bala ya tsaga tabon nan, a kan ɗinkin likita askarsa za ta sauka, tafiyar wata shida ta koma farko, watakila ma ba za ta sake tashi ba. Amma in kun ga kumburi, ko ruwa, ko zazzaɓi, wannan daban ne, ku kai shi asibiti. In babu, ki zuba gero a ƙwarya ya riƙa cusa hannun yana juyawa kullum, ko yana jin haushi. Zafin zai lafa a hankali.

Naki mai laifi,
Isma'ila

*

Abakpa, Kaduna
2 ga Satumba, 1956

Zuwa ga marigayi Isma'ila.

Gaisuwa da fatan kana jin daɗin lahira. Bari in ba ka labarin mutuwarka, tunda ba ka halarta ba.

Ran Alhamis da azahar sai ga mai keken gidan waya a ƙofar gida. Kai ka manta, a unguwar nan waya ba ta zuwa sai an yi rashi. Inna ta ji an ce daga Ibadan, ta zube tana salati, tana cewa ɗan Ladi ya tafi, wa zai faɗa wa uwarsa. Kafin a jima mata sun cika gida. Ni mai karatun, takardar tana hannuna, na kasa buɗewa, kuka nake yi wiwi. Kada kanka ya kumbura, na saba da kai ne kawai.

Aka aika ofis a kira Shehu. Kafin ya iso an shimfiɗa tabarmi a zaure, maza sun zauna. Bala wanzami ma ya zo, ya zauna dab da Baba yana taya shi karɓar gaisuwa, yana cewa yaro ne mai ladabi. Shehu ya shigo, ya yi bisimilla, ya farke ambulan, ya karanta da ƙarfi a gaban kowa: kada wanzami ya kusanci hannun Kawu.

Kowa ya juya ya kalli Bala. Can Bala ya gyara hularsa ya ce, "To, mamaci ya yi magana, wa zai ja da shi?" Baba ya fashe da dariya har yana tari. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Babbar Sallah. Ya ce yaron da aka yi wa kuka ya dawo da ransa, ai sai a bi maganarsa. Washegari Bala ya zo kamar yadda aka yi alkawari, ya yi masa aski, suka rabu lafiya.

Takardarka ta biyo baya na karanta masa. Da na zo wurin ruwan zafin watan Maris, ya ce, "Yaron nan da gaskiyarsa," ya miƙo hannu na ƙwanƙwasa. Tsir ɗin ya matso kusa da gindin manuni. Gero kuwa yana juyawa yana mita, kajin Inna sun kewaye shi suna jiran rabonsu.

Alhaji Sanda ya iso ran Litinin da takardarka ta Yuni. Ya tsaya Bida, ya tsaya Minna, ya ce kasuwa ce ta yi kyau. Takardar ta yi ja, tana ƙanshin goro. Ya miƙa wa Baba hannu da hannu, kamar yadda ya ce zai yi.

Taubashiyarka da ta yi asarar hawaye,
Safara'u

*

Abakpa, Kaduna
9 ga Janairu, 1957

Daga Datti mai ɗinki, zuwa ga ɗana Isma'ila. Safara'u ce take rubutawa, na kuma ce ta sa abin da na faɗa, ba abin da ta ga dama ba.

Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Muna lafiya. An girbe dawa, ban tafi Zariya ba, ba kuma zan tafi ba.

Tun watan jiya lallen ya kai kan yatsa, hanya ta ƙare masa. Zafin ya lafa. Na kwance allurorina na fara taɓa aiki, amma da ido nake yi, in na ɗauke kai allura ta tsaya. Ban faɗa wa kowa ba, amma raina bai kwanta ba, don ɗinki da ido aikin ɗan koyo ne.

Jiya bayan azahar ina kan wuyan wata farar riga ta Malam Husaini akawu, sai Mamman ya yi sallama. Na ɗaga kai in amsa, allura ta shige ni a kan manuni. Na ce wash tun ban duba ba. Ka ji, tun ban duba ba. Jini ya ɗiga a rigar mutane, abin da ban taɓa yafe wa wanda na koya wa aiki ba. Na zauna ina kallonsa. Sai na ce ko zato ne, na rufe ido na sake soka. Na ji. Na sake, na ji. Ina shirin na huɗu uwar Safara'u ta fito ta ƙwace allurar, ta ce in haukata zan yi in bari a gama abinci.

Ba zan ruɗe ka ba. In na rufe ido har yanzu ba na bambanta tsamiya da auduga, aikin kwana ɗaya kuma kwana uku yake cina. Amma allura tana hannuna, na kuma san tana nan. Wurin jinin zan rufe shi da ɗinki, Malam Husaini zai sami ado fiye da wanda ya nema.

Ka yi karatu da kyau. In ka zo hutu ka zo da wuri, akwai magana da yawa. In Safara'u ta ce maka na yi kuka, kada ka yarda, ka san halinta. Wassalam.

Kawunka,
Datti

Isma'ila, ni ce. Baba ya tafi masallaci. Kukan dai ya yi shi, a gaban Mamman, yana riƙe da yatsan kamar jariri. Ni ma na yi.